Likitan magana da zai riƙa duba mara lafiya a gida: na asibiti, mai zaman kansa ko na bidiyo?

Duk gidan da aka taɓa sallamo musu mai shanyewar ɓarin jiki daga asibiti, ko suke da yaron da ya doshi shekara uku bai fara haɗa kalma biyu ba, sun san wannan ruɗanin. Likita zai ce muku ku nemi likitan magana, ku dawo gida kuna kallon juna, wa za a nema, a ina, kuma ta yaya ma za a gane wanda ya iya aikin da wanda talla kawai ya iya. In kuma fita da mara lafiyar wahala ce, dattijo ne da sai an ciccibe shi an sa a mota ko yaro ne da in ya ga baƙon wuri sai ya kulle baki gaba ɗaya, toh zancen ya koma na wanda zai riƙa duba shi a gida kenan. Hanyoyin ba su wuce uku ba, akwai wanda asibiti ko kamfanin jinya a gida zai turo muku, akwai mai zaman kansa da za ku yi ciniki da shi kai tsaye, sai wanda zai riƙa ganinku ta bidiyo a waya ko kwamfuta.

Amma kafin a kai ga wannan ku fara tsayawa a kan waye mara lafiyar, don a nan mutane da yawa suke asarar kuɗi da watanni. Aikin nan faɗi ne da shi sosai. Likitocin magana makaranta ɗaya suka yi amma da sun fito kowa sai ya kama ɓangarensa, wani shekara goma yana zaune a ƙasa da yara da kayan wasa, wani kuma a ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki ya ƙare rayuwar aikinsa. Ko a cikin manya ma matsalar ba iri ɗaya bace. Akwai afeshiya, wadda take samun kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki, mutum hankalinsa na nan ya san abinda yake so ya faɗa amma kalmar ta ɓace masa, wani ma fahimtar abinda ake gaya masa da karatu da rubutu duk sun taɓu. Akwai wanda kalmominsa duk suna nan lafiya lau, tsokar baki da harshe ce ta yi rauni sai maganar ta riƙa fitowa a lauye. Akwai mai cutar Parkinson da muryarsa take ta yin ƙasa har ba a ji, shi kuma a kunnensa yana jin kamar daidai yake magana. Kowanne da irin atisayensa, wanda ya haɗa su ya ba su abu ɗaya bai san aikin ba. Shi yasa tambayar farko da zan ce ku yi wa kowa, ko daga ina ya fito, ita ce a 'yan watannin nan mutum nawa ka duba masu irin wannan matsalar ta mu, kuma me kake yi musu? Mai gaskiya in ba ɓangarensa bane zai faɗa muku, wani ma har ya haɗa ku da abokin aikinsa.

Sai maganar haɗiya, ita nake so in daɗe a kanta saboda ita ce take iya kashe mutum. Mutane da yawa basu san cewa likitan magana ne yake duba matsalar haɗiya ba. In mara lafiyarku yana tari ko shaƙewa in ya sha ruwa, ko muryarsa ta koma kamar akwai ruwa a maƙogwaro bayan ya ci abinci, ko abinci yana taruwa masa a kumatu, ko yana ta ramewa yana yawan zazzaɓi da ciwon ƙirji, toh ku ajiye zancen gyaran furuci tukuna, wannan ne a gaba. Abinci ko ruwa na iya bin hanyar iska ya sauka a huhu ya jawo nimoniya, kuma abin tsoron shine wani lokacin yana sauka ba tare da mutum ya yi tari ko sau ɗaya ba. Irin wannan duk ƙwarewar likita bazai iya tabbatar da shi da ido a gefen gado ba, sai an yi hoton haɗiya na eksire mai motsi, ko a zura siririyar kyamara ta hanci a kalli maƙogwaro lokacin da mutum yake haɗiya, wanda suke kira FEES. Kaga kenan a nan wanda yake da alaƙa da asibiti ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda shi zai iya rubuta muku a je a yi gwajin kuma ya ga sakamakon da kansa. Mai zaman kansa ma zai iya in yana da asibitin da yake tura mutane, amma ku tambaye shi ƙarara, in ka yi zargin abu na sauka a huhu ina za ka tura mu? In ya fara kame-kame ku nemi wani. Sannan ku ji ko yana aiki da ma'aunin IDDSI, wato tsarin da ya kasa kaurin abin sha da laushin abinci daga mataki na 0 zuwa na 7, don kar ya ce muku kawai ku ba shi abu mai ɗan kauri ya tafi, kowa a gidan ya riƙa dama nasa kaurin yadda ya ga dama. Wanda ya san haɗiya zai zauna ya ga an ba mara lafiyar abinci a gabansa, ya gyara masa zama, ya nuna muku girman loma, kuma zai dame ku da zancen wanke baki safe da dare, don dattin baki in ya bi yawu ya sauka a huhu shi ma yana kawo ciwon.

Toh mu dawo kan na asibiti ko kamfani. Alherinsa a fili yake, fayil ɗin mara lafiya yana hannunsu, yana iya magana da likitan ƙwaƙwalwa da fiziyo, wato mai atisayen motsa gaɓɓai, da nas ba sai kun zama 'yan aike a tsakani ba, an riga an duba takardunsa kafin a ɗauke shi aiki, in ya yi rashin lafiya ko ya tafi hutu akwai wanda zai maye gurbinsa, in kuma ya yi muku ba daidai ba akwai ofishin da za ku kai ƙara. Matsalarsa kuma ita ce ba ku kuke zaɓar mutum ba, wanda ke kan layi shi za a turo, yau wannan gobe wancan, kuma mai afeshiya ko yaro mai galahanga sabuwar fuska kaɗai ta isa ta cinye rabin lokacin zaman. Lokaci ma su suke yankawa, sai a ba ku ƙarfe biyun rana alhali dattijon da safe yake da kuzari, da rana ya riga ya gaji kalma ɗaya ma da ƙyar. Sau da yawa akwai jiran layi, kuma akwai adadin zuwan da in ya cika shikenan sai an sake sabon tsari. Wani abu da ya kamata ku tambaya tun farko, wanda zai riƙa zuwa ɗin cikakken likitan magana ne ko mataimaki? Mataimaki ba laifi bane, wasu ma sun fi haƙuri da maimaita atisaye, amma ba aikinsa bane ya yi gwajin farko ko ya canza tsarin magani, dole akwai babba a samansa da yake zuwa lokaci-lokaci yana gani da idonsa. In an ce akwai, ku nemi sanin sunansa da ranar da zai zo.

Mai zaman kansa kuma kusan kishiyar wancan ne. Ku kuka zaɓe shi, fuska ɗaya ce daga farko har ƙarshe, za ku iya daidaita lokaci da shi, kuma za ku iya neman wanda ya ƙware a daidai matsalarku. Ni a ganina ga yara da masu in'ina da duk wanda aikinsa zai ɗauki watanni, wannan dawwamar ta mutum ɗaya ba ƙaramin abu bace. Sai dai duk binciken da asibiti zai yi a kansa yanzu ya dawo wuyanku. Ku nemi ganin satifiket da lasisi, kar ku ji kunya, wanda yake da su baya jin haushin a tambaya. Ƙasashe da yawa suna da hukumar da take musu rajista, a Birtaniya HCPC ce kuma ana iya duba sunan mutum a shafinsu, a Amurka akwai lasisin jiha sannan da yawa suna da shaidar CCC-SLP ta ƙungiyar ASHA, a Najeriya hukumar MRTB ce. Wanda ya yi kwas na sati biyu ko malamin makaranta ne mai son yara, Allah ya saka masa da alheri, amma ba likitan magana bane. Sannan ku sani in ya yi tafiya aikin ya tsaya, kuma tunda kowane zuwa kuɗi ne a wajensa, babu wanda zai ce masa ya isa haka sai imaninsa. Maganin wannan shine ku ce a rubuta muku buri a takarda, ba wai za mu inganta maganarsa ba, a'a, abu ƙarara kamar nan da sati shida Baba zai iya kiran sunayen mutanen gidan ya kuma nemi ruwa ko banɗaki da kansa, ko da baki ko da nuni. Kuɗin hanya ma ku yi maganarsa tun ranar farko, da abinda zai faru in ku ko shi wani ya soke zuwa.

Na bidiyo kuwa mutane suna raina shi, ni kuma ina ganin ya fi ƙarfin a raina shi yanzu. Tun lokacin korona a 2020 likitocin magana da yawa suka koma yi ta haka kuma aka ga yana aiki ga abubuwa da dama, musamman in'ina, da gyaran murya, da afeshiyar da bata yi tsanani ba, da koyar da iyaye yadda za su yi da ƙaramin yaro. Babban abinda yake ba ku shine ku samu ƙwararren da babu irinsa kusa da ku, kuma ku samu mai jin yarenku. Wannan na yare ɗin kar ku ɗauke shi da wasa. Tsohuwar da duk rayuwarta da harshen gida take addu'a take faɗa take wasa da jikoki, in aka kawo mata mai yi mata gwaji da wani harshen da hotunan abubuwan da bata taɓa gani ba, sakamakon da zai fito ba nata bane. In dole sai wanda baya jin yaren, toh a samu mutum ɗaya tsayayye a gidan da zai riƙa fassara, kuma a koya masa kar ya riƙa gyara amsar mara lafiyar ko ya ƙarasa masa magana don tausayi, don kuskuren nan shi likitan yake son ji. Haka yara, duk wanda ya ce muku ku daina yi wa yaro harshen gida wai yare biyu ne ya hana shi magana, bai bi abinda bincike ya nuna ba, tashi da yare biyu baya jawo matsalar magana.

Inda bidiyo yake gazawa shima a bayyane yake. Gwajin haɗiya na farko ni bazan yarda a yi wa nawa ta waya ba. Wanda baya ji sosai ko baya gani sosai ko hankalinsa baya tsayawa wuri ɗaya zai wahala. In netwok yana yankewa sauti yana makara, likitan bazai iya bambance ko yaron ne ya haɗiye harafi ko intanet ce ta haɗiye ba. Kuma dole wani babba ya zauna a gefe daga farko har ƙarshe, ba a jingina wa ɗan shekara uku waya a tafi kicin.

Yanzu ga abinda nake ganin ya fi duk waɗannan nauyi, wato sau nawa za a yi, da kuma me ake yi a ranakun da likitan bai zo ba. Bitar da ƙungiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta yi a 2016 da ta tattara gwaje-gwaje 57 a kan masu afeshiya ta nuna cewa maganin yana amfani, kuma akwai alamar yin sa da yawa a kai a kai ya fi, duk da cewa wasu marasa lafiyar sun kasa jure mai yawan sun daina. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila a 2023 ta ba da shawarar mai farfaɗowa daga shanyewar ɓarin jiki ya samu aƙalla awa 3 a rana, kwana 5 a sati, in an haɗa fiziyo da gyaran magana da sauran atisaye, ga wanda zai iya. Shirin LSVT LOUD na masu Parkinson zama 16 ne cikin wata ɗaya, sau huɗu a sati, awa ɗaya kowanne, da aikin gida kullum, kuma sai wanda ya yi horonsa na musamman yake bayarwa. Toh gida nawa ne za su iya biyan mutum ya riƙa zuwa haka? Kaɗan ne. Shi yasa likitan da ya fi muku amfani shine wanda zai mayar da ku 'yan gida ma'aikatansa. Ku duba shirin Lidcombe da aka ƙirƙiro a Ostareliya don in'inar yara 'yan ƙasa da shekara 6, iyaye ne suke yin maganin kullum a gida, likita sau ɗaya a sati yake ganinsu yana gyara musu. Cibiyar Hanen ta Kanada ma duk aikinta a kan horar da iyaye ta gina shi. Saboda haka in aka ba ni zaɓi tsakanin shahararren da zai shigo ya ce kowa ya fita ya rufe ƙofa minti 45 ya fito ya ce an samu ci gaba, da wani matashi mai lasisi da zai ce Hajiya zo ki zauna ki gani, yanzu ke gwada in gani, ya bar muku abin yi na minti goma sau biyu ko uku a rana, wallahi na biyun zan ɗauka ban ko waiwaya ba. Amfanin zuwa gida ma ai kenan, a yi atisaye da kofin da mutum yake shan ruwa da shi da sunayen 'ya'yansa da wayarsa, in likitan zai zo ya yi daidai abinda zai yi a ofis ba tare da ya kalli yadda gidan yake ba to kuɗin mota kawai kuka ƙara.

Zuwan farko ku sa ido sosai. Ga yaro, in bai tambaya ko an gwada jinsa ba wannan babban gibi ne, domin yaron da baya ji da kyau ko ruwa ya taru masa a kunne ba yadda za a yi maganarsa ta tafi daidai, gwajin ji shi ne matakin farko. Ya kamata ya tambayi tarihin haihuwa, yaushe ya zauna yaushe ya yi tafiya, yana nuna abu da yatsa, yana juyowa in an kira sunansa. Yawancin yara suna fara kalmar farko wajen shekara 1, su fara haɗa kalma biyu wajen shekara 2, wanda ya wuce haka sosai ba a cewa a jira kawai. Ga babba kuma ku lura da wa yake magana, da mara lafiyar ko da ku a kansa kamar baya wajen? Yana ɗaga masa murya ko yana masa magana kamar jariri? Mutumin da ya riƙe gida shekara arba'in in aka yi masa haka sau biyu zai juya fuska bango ya ƙi yin komai, ku kuma ku ce taurin kai ne. In mara lafiyar ya fi sakewa da mace ko da namiji a bi masa hakan. Yaro kuma ko waye likitan, ko daga ina aka turo shi, ba a barinsu su biyu a rufaffen ɗaki.

Akwai waɗanda da kun ji kalamansu ku san ba nan ba. Mai cewa nan da wata ɗaya zai yi magana garanti, babu mai iya wannan alƙawarin. Mai zuwa da magunguna ko wasu ƙwayoyin ƙarin kuzari na sayarwa wai suna buɗe magana. Wanda duk zamansa hura balan-balan ne da busa usur da murguɗa harshe ga yaron da matsalarsa furuci ce, bincike bai nuna waɗannan suna gyara furuci ba, magana da magana ake koyonta. Mai cewa a je a yanke tantanin ƙasan harshe don yaro ya makara da magana, alhali makarar magana ba daga nan take ba. Da kuma wanda zai hana ku amfani da hotuna ko allon nuni ko manhajar waya mai magana wai za ta sa mutum ya yi kasala, gaskiyar ita ce waɗannan basa hana magana fitowa, sau da yawa ma taimaka mata suke, kuma suna rage wa mutum baƙin cikin kasa faɗin abinda yake so.

In za ku bi tawa, ga yadda zan raba. Wanda aka sallamo kwanan nan bayan shanyewar ɓarin jiki, musamman in akwai matsalar haɗiya ko bututun abinci a hanci, ku fara da na asibiti ko wanda yake da ƙafa a asibiti, kuma kar ku jira, watannin farko ne jiki ya fi saurin farfaɗowa duk da cewa ana ci gaba da samun sauƙi ko bayan shekaru. In haɗiya ta daidaita aka koma dogon aikin dawo da kalmomi, mai zaman kansa da ke kusa wanda zai iya zuwa sau da yawa ya fi wanda ke nesa da sai sau ɗaya a sati biyu. Ƙaramin yaro da ya makara da magana ko mai galahanga, mai zaman kansa da ya ƙware a yara kuma yake koyar da iyaye. In'ina da Parkinson, ku bi ƙwarewa duk inda take ko da ta bidiyo ce. Kuma ba dole sai ɗaya ba, ana iya haɗawa, ƙwararre ya zo gida ya yi gwaji ya tsara aiki, a riƙa bibiya ta bidiyo, ya sake zuwa da kansa duk bayan 'yan makonni, sai dai kar ku ɗauki mutum biyu kowa yana nasa ba su san da juna ba, za su rikita mara lafiyar ne kawai.

Duk wanda kuka ɗauka ku sa ranar zama da shi bayan sati shida zuwa takwas a ɗauko takardar burin nan a duba. Ku ɗauki ɗan bidiyon mara lafiyar yana magana tun ranar farko, da izininsa in babba ne, don ku da kuke tare da shi kullum ba lallai ku lura da canjin ba. In babu abinda ya motsa kuma likitan bashi da bayanin dalili ko sabon tsarin da zai gwada, ku nemi ya rubuta muku rahoton abinda ya yi ku kai wa wani, haƙƙinku ne. In kuma wata rana maganar ta lalace farat ɗaya, ko baki ya karkace ko hannu ya saki, wannan ba na jiran ranar zuwan likitan magana bane, asibiti za ku nufa a take.